Bokitin Goggo Beryl

Tanner Point,
9 ga Fabrairu, 1997

Goggo Beryl,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ƙugun? Yaya zafin Tamworth? Ina fata ɗanki Neville da iyalinsa suna kula da ke, kuma kin daina yi wa likita gardama a kan sandar nan. Kin ce in daina bugo waya tunda ba kya jin komai sai ƙara, to ga takarda, sai ki sa tabarau.

Goggo, akwai abin da na ɓoye miki shekara uku, yau dai cikina ya kasa riƙe shi. Kin tuna ina ƙarama, duk Disamba bayan babbar cikar teku, kina miƙa mini ƙaramin bokiti mu shiga fadamar gishirin da ke bayan rumfar da ke da mijinki marigayi Baba Len kuke gyaran kawa, naman ruwan nan mai ɓawo? Mu yi ta tsintar 'ya'yan mangurof, itacen nan na bakin teku, da ruwa ya watsar a cikin ciyawa, masu kama da ƙaton wake, har da waɗanda suka fara tsiro. Ke da babban bokiti, ni da ƙarami, sauro yana ta cin mu. Shekarar da kika karye aka tafi da ke, na tsaya a ƙofar rumfar na dubi fadamar, na ce wannan aiki ba zai mutu ina raye ba.

Sai na kwashi 'yan ajina. Muka tsinto 'ya'yan, muka rene su a gwangwanayen madara a bayan aji, muka dasa ɗari uku da ashirin a Farin Fili, wurin nan da ba ya tsirar da komai sai gajeriyar ciyawar gishiri da ɓawon gishiri. Har 'yan magudanai muka haƙa don ruwa ya riƙa isa gare su. Kin san makarantarmu aji biyu ce kacal, don haka yaran da suka dasa har yanzu suna hannuna, kowa ya san nasa. Na wata yarinya, Shanelle, ya kai mini ƙirji! Ga hoto na sako miki. Ki dubi yadda fili ya zama kurmi.

A Oktoba za ki cika tamanin. Baba Merv, da ya karɓi rumfarku, ya yi alkawarin sassaƙa mana allo, za mu rubuta Kurmin Beryl, Neville ya kawo ki ki yanke zare. Yara har waƙa suke haɗawa, amma kada ki sa rai da muryarsu.

Fadama tana nan lafiya. Ƙaguwoyi sun cika bakin rafi suna ɗaga wa juna hannu, zalɓen nan mai ƙafa ɗaya a sama yana wurinsa, kangaru uku suna saukowa kiwo da sassafe.

Ki huta lafiya. Ni ce 'yarki,
Glenys

Tamworth,
20 ga Fabrairu, 1997

Glenys,

Ina gaishe ki. Na sami takarda da hoto. Ƙugu yana nan, likitan yaro ne, sandar kuma ina korar kajin matar Neville da ita.

Kin lissafa mini ƙaguwa da zalɓe da kangaru. Ba ki ambaci tsuntsayen nan 'yan dogon-baki ba.

Ranar Lahadi tara ga Maris akwai babbar cika da safe, ita ce ta ƙarshe kafin su tashi arewa. Ki je rumfa awa biyu kafin ruwa ya cika. Ki zauna a kan akwatin da ke bayan ƙofa, inda katako ɗaya ya ɓalle. Kada ki sa farar riga. Kada ki kai yara. Kada ki yi magana, in har za ki iya. Ki ƙirga mini nawa suka sauka a Farin Fili. Littafina yana cikin gwangwanin biskit a saman rumfa, ki duba abin da na rubuta a Maris ɗina na ƙarshe.

Ki ce wa Merv ya ajiye gatarinsa tukuna.

Goggonki,
Beryl

Tanner Point,
10 ga Maris, 1997

Goggo,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Na yi yadda kika ce, har da rufe baki.

Na sauko da littafin. Maris 1993, da rubutunki mai kama da sawun ƙaguwa: sittin da huɗu.

Da na zauna, ruwa yana can nesa, 'yan dogon-baki suna kan lakar tsakiyar kogi suna cusa bakin nan nasu mai lanƙwasa cikin ramukan ƙaguwa har zuwa ido. Ruwa ya taho a hankali. Ya cinye lakar, ya hau rafi, ya shiga cikin ciyawar gishiri ba tare da ƙara ba, sai ga dodon koɗi suna hawa kan kara don gudun jiƙa, ƙananan kifaye kamar allurai suna yawo a inda jiya na taka da takalmi. Na daɗe ban zauna na kalli wannan ba. Kullum ina cikin bayyana shi ga wani.

Da ruwa ya kai musu ciki sai suka tashi, kusan arba'in, suka nufo Farin Fili kai tsaye. Suka sauko ƙasa-ƙasa, har sun saki ƙafafu, sai na gaba ya yi kukan nan mai tsawo, duk suka ɗaga. Suka zagayo. Suka sake saki ƙafafu, suka sake ɗagawa. Sau bakwai na ƙirga. Daga nan suka tafi tsibirin yashin da ke bakin teku, inda mutane ke zuwa da karnuka ranar Lahadi. Ko minti goma ba su yi ba wani kare ya tashe su. Goggo, har ruwa ya fara janyewa suna sama suna shawagi, kusan awa biyu.

Wanda ya sauka a Farin Fili: babu.

Baba Merv ya shigo yana kankare kawa, ya same ni da littafin a cinya.

Ya ce, "Malama, yau ba wa'azi?"

Na ce, "Baba Merv, ka ga abin da na gani?"

Ya ce, "Tun bara waccan nake ganin su suna wannan yawo."

Na ce, "Shi ne ba ka faɗa mini ba?"

Ya ce, "Sau biyu na fara. Ke kin taɓa barin mutum ya kai ƙarshen magana?"

Na tambaye shi dalili, ya ce in tambayi mai littafin, shi kawa ya sani. Ko gaggafar da ta yi sheƙa a tsallake ce take tsorata su? Amma ai tun kina nan take. Me na kasa gani?

Ina jiran amsarki. Taki,
Glenys

Tamworth,
18 ga Maris, 1997

Glenys,

Ina gaishe ki. Ki zauna kafin ki karanta.

Ba gaggafa ba ce. Dogon-baki ba ya sauka inda ba ya hangen nesa. In ruwa ya rufe masa wurin kiwo, yana bukatar fili fetal, ciyawa ba ta wuce gwiwarsa ba, ya tsaya ya ɓoye baki a fiffike ya yi barci da ido ɗaya, komai ya taho ya gan shi tun daga nesa. A duk bakin kogin nan Farin Fili kaɗai ya rage masa. Kitsen da yake tarawa a lakarmu da shi zai ƙetare teku har ƙasar da yake yin ƙwai, kwana da kwanaki ba ci ba sha. Awa biyun da kika ga ya yi a sama, daga guzurinsa ya cire su.

Yanzu ki gaya mini, a ina kike tsammani nake kai bokitin?

Kin tuna in mun cika shi nakan ce ki ruga gida ki wanke ƙafa ki ɗora shayi? To kina juya baya nake shiga kwalekwale, in tsallaka da shi can gaɓar da ruwa ke ci, in juye a laka. Can ne gidan mangurof. Itace ne mai kyau, kifi yana haihuwa a gindinsa, yana riƙe gaɓa, ban taɓa ƙin sa ba. Amma in ka bar shi ya hau fadama, shekara goma ba fadama. Shekara talatin da ɗaya ina cire shi daga Farin Fili da hannuna. Ba dasawa muke yi ba, 'yar nan. Shara muke yi.

Me ya sa ban faɗa miki ba? Doka ta hana taɓa mangurof ba da izini ba, ko tsiro ne. Len ya ce in labari ya fita za a iya ƙwace mana wurin kawa, ke kuma tun kina shekara shida bakinki ba ya riƙe ruwa. Kin tambaye ni sau ɗaya, na ce, "Inda ya kamata zan kai su." Kika gyaɗa kai, na ji daɗin wayona. Da kika girma ya kamata in zaunar da ke. Na ce sai baɗi, sai baɗi, har na zame a kan matakalar rumfa.

Don haka rabin laifin nawa ne. Rabin kawai, kada ki yi murna. Mai ilimi irinki ya kamata ta zauna ta kalli wuri shekara guda kafin ta gyara shi.

'Yan dogon-baki suna dawowa ƙarshen Agusta. Abin da za ki yi tsakanin yanzu da lokacin, ba ni zan faɗa miki ba. Itatuwan ba nawa ba ne, ba naki ba ne kuma.

Goggonki,
Beryl

Tanner Point,
4 ga Mayu, 1997

Goggo,

Gaisuwa da ban haƙuri. Mako shida ban rubuto ba. Ba fushi na yi ba, kunya ce. Na ɗauki biro ya fi sau goma. Wata Asabar har na ɗauki shebur zan je in tumɓuke su ni kaɗai in ce wa yara ambaliya ce, na kai bakin fadama na tuna ƙarshen takardarki, na dawo.

Ga yadda na faɗa musu. Na kai su Farin Fili da ruwa ya janye, na roƙi Baba Merv ya zo da karensa Sarge. Na raba yara biyu. Rabi suka tsuguna a ɗan sararin da ya rage, rabi a tsakiyar itatuwa, na ce ku 'yan dogon-baki ne, kun gaji, ku rufe ido ɗaya, wanda ya hango kare ya yi ihu. Na sarari suka hango shi tun daga rumfa. Na cikin itatuwa ba su san an sako shi ba sai da ya lashi kunnen Dimitri. Aka yi ta dariya, Dimitri yana rantsuwa ya gan shi, ƙyale shi kawai ya yi.

Sai dariyar ta mutu da kanta. Shanelle ce ta fara ganewa. Ta miƙe ta dubi itacenta, ta dube ni.

Ta ce, "Malama, ke kika ce muna taimakon tsuntsaye."

Na ce, "Ni na faɗa. Ban bincika ba, kuma ba daidai ba ne."

Ta ce, "Shekara uku ina zuwa duba shi, har ranar Kirsimeti."

Na ce, "Na sani."

Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Dimitri ya ce, "To jama'a, maki nawa za mu ba Malama?" Wata ta ce biyu bisa goma. Ya ce, "Biyun na mene ne?" Ta ce, "Ta zo a kan lokaci." Baba Merv ya juya baya yana ɓoye dariya.

Na karanta musu takardarki, ban da wurin da kika ce bakina ba ya riƙe ruwa. Na ce itatuwan nasu ne, su yanke shawara. Suka kore ni can gefe kamar mai laifi a kotu. Da suka kira ni, Shanelle ce ta yi magana, ba ta dube ni ba. Ta ce ba za a sare ko ɗaya ba, za a haƙa a kai su inda tsohuwar take kai bokitinta. Kuma nata ita za ta haƙa, kada wani ya taɓa.

Na rubuta wa ofishin da ke kula da bakin ruwa neman izini. Wata mata ta zo makon jiya da niyyar minti ashirin, na miƙa mata littafinki, ta zauna a kan akwatinki ta yi awa biyu tana juya shafi. Ta ce ba ta taɓa ganin ƙirga mai tsawon wannan ba a gaɓar nan. Sai ta ce abin mamaki ne yadda filin ya zauna a buɗe shekara talatin alhali sauran duk mangurof ya cinye su. Baba Merv ko ɗaga kai bai yi daga kawarsa ba, ya ce, "Iska ce. Muna da wata irin iska a nan, 'yar gajeriya, mai faɗa."

Ta ce izini zai fito kafin Yuni. Ki gaya mini yadda ake yi, wannan karon zan saurara har ƙarshe.

'Yarki,
Glenys

Tamworth,
15 ga Mayu, 1997

Glenys,

Ina gaishe ki, ki gaida Merv, ki ce gajeriyar iska ta ji, za ta rama.

Ku haƙa bayan ruwan sama, ƙasa ta fi saki. Ku shimfiɗa katako ku bi ta kai, ciyawar gishiri in aka tattake ta sai ta shekara ba ta tashi ba. Magudanan nan da kika haƙa ku cike su da ƙasar da kuka fitar, ku daddale, in ba haka ba Disamba ruwa zai kawo muku sabbin baƙi har gida. Manyan itatuwan yawanci za su mutu in an matsar da su, ki faɗa wa yarinyar tun yanzu.

Kuma kada ki yi wa yara alkawarin tsuntsaye za su dawo. Dogon-baki yana da riƙo. Zai iya ɗaukar shekara biyu, zai iya ƙin dawowa sam.

Na kwana huɗu a asibiti da ciwon ƙirji. Neville ya ce ba maganar tafiya a Oktoba, likitan ma haka, karon farko da bakinsu ya zo ɗaya. Ba komai. Ni lambar tsuntsaye nake so, ba yanke zare ba.

Goggonki,
Beryl

Tanner Point,
21 ga Satumba, 1997

Goggo,

Gaisuwa mai yawa. Neville ya ce kin fara cin abinci kina kuma zagin miyar matarsa, hankalina ya kwanta.

Mun gama tun Yuli. Asabar shida muka yi, iyaye suka zo da shebur da fulas ɗin shayi, sanyi yana yanka hannu. Baba Merv ya yi sawu goma sha tara da kwalekwale yana ƙorafin bayansa a kowane sawu. A cikin ɗari uku da ashirin, casa'in da 'yan kai ne suka kama a tsallake. Na Shanelle bai kama ba. Na faɗa mata tun farko kamar yadda kika ce, ta yi wuni guda tana haƙa shi da saiwarsa duka, ta riƙe shi a cinya cikin kwalekwale. Da ganyen ya bushe ta zo ta gaya mini da kanta, ta ce, "Na gani, ba sai kin yi bayani ba." Ban yi ba.

Filin ya yi muni da farko, duk tabo kamar fuskar mai zanzana. Amma ciyawar gishiri ta yi ja da sanyi, jan nan kamar an zuba garwashi, yanzu kuma tana miƙa 'yan yatsunta kore a kan ramukan.

'Yan dogon-baki sun iso ranar ashirin da takwas ga Agusta. Ramammu, Goggo, ƙashin ƙirji a waje, suna ci kamar ba za su ɗaga kai ba. Ranar Alhamis da ta wuce aka yi babbar cika. Na zauna a kan akwati, yara suna kwance rub da ciki a bayan rumfa, an yi yarjejeniya duk wanda ya yi tari zai share aji mako guda. Suka taso, suka nufo mu, suka zagaya Farin Fili sau biyu. Ɗaya ya saki ƙafafu har ya kusa taɓa ƙasa. Sai suka wuce tsibirin yashi.

Babu, har yanzu. Na rubuta sifili a littafinki, a ƙarƙashin sittin da huɗunki.

A hanyar komawa sai Shanelle ta matso kusa da ni, karon farko tun Afrilu, ta ce, "Yaushe ne babbar cika ta gaba?" Na ce sha bakwai ga Oktoba. Ta ce, "Ki bar jar hular nan a gida, Malama. Ni ma da ni ce ba zan sauka ba."

Allah ya ƙara miki sauƙi. Taki,
Glenys

Tanner Point,
17 ga Oktoba, 1997

Goggo,

Gaisuwa, da barka da cika tamanin jibi.

Goma sha ɗaya.

Sun sauka ƙarfe tara da minti ashirin, a gefen gabas. Bakwai sun ɓoye baki a fiffike. Sun zauna har ruwa ya janye. Ba wanda ya yi tari.

'Yarki,
Glenys

Tamworth,
23 ga Oktoba, 1997

Glenys,

Na gani. Na sa Neville ya karanta mini sau biyu, don tabaran nan ya yi hazo.

Shekarar da na fara, tara na samu.

Babban bokitin yana ƙarƙashin tsohon kwalekwalen Len, a kife. Naki ne. Ƙaramin ki ba Shanelle. In Disamba ta zo, ki nemi izini a rubuce, ku shiga da rana tsaka kowa yana gani, kuma kada ki tura ta ɗora shayi. Ki sa ta a kwalekwale ta ga inda ake juyewa.

Goggonki,
Beryl